Abin da tsohuwar Vespa ta koya mini da kuɗin aljihuna

Fenti ne ya ci ni. Ranar da na je ganin Vespar nan, an sake mata fenti tana ƙyalli kamar amarya, mai ita ya taka kik sau ɗaya ta tashi, ni kuwa ko tayin kirki ban yi ba na ƙirga kuɗi. Ashe ya riga ya ɗumama injin kafin in iso. Tsohon mashin in ya yi zafi ba ya gardama, da sanyin safiya ake sanin halinsa. Ƙanena, in za ka sayi irin wannan, ka je da sassafe, ka dafa injin ka ji shi da sanyi, sannan ka ce a tayar. Ka kuma durƙusa ka leƙa ƙarƙashin wurin ɗora ƙafa. Vespa ba ta da wani ƙarfe daban da ke riƙe da ita, jikin nan da kake gani shi ne ƙashin bayanta, in tsatsa ta cinye shi fenti ba ya maganin komai.

Tawa PX 150 ce, ɗaya daga cikin jerin PX da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1977. Injinta irin wanda ke shan fetur haɗe da man 2T ne, kuma tawa ba ta da famfon da ke haɗa su da kansa, da hannu ake zubawa a tanki. Ƙa'idar ita ce biyu cikin ɗari: mililita 20 na 2T a kowace litar fetur, wato mililita 100 a lita biyar. Ni kuwa da ido nake aunawa. In 2T ya ƙare, sai in tsiyaya baƙin man mota, wai ai mai mai ne. Ba a yi wata biyu ba filogi ya riƙa yin baƙi ƙirin, salansa ta toshe da dauɗar hayaƙi, mashin ta koma tafiyar jaki. Abokai suka fara tsokanata da maganin sauro. Kunya ta sa na rage man sosai don hayaƙin ya ragu, a nan na tafka babbar wauta, domin wannan ɗan man shi kaɗai ne ke shafar fistin da bulo.

Akwai kuma murfin da ke rufe kan injin, wanda ya dame ni da ƙara saboda noti ɗaya ya faɗi. Maimakon in sayi noti, na cire murfin na ajiye a ɗaki, ina cewa injin ma zai fi shan iska. Ban san shi ne ke karkato iskar fanka zuwa kan bulo ba. A hanyar Wudil, da tsakar rana a watan Afrilu, ina cikin gudu sai ƙarar injin ta canza, tayar baya ta cije, mashin ta fara jan gindi. Allah ne ya sa hannuna na kan kulochi na damƙe, tayar ta saki. Ka riƙe wannan: in injin ya cije kana tafe, kulochi za ka fara kamawa, ba birki ba. Fistin da ringi na saya, aka kuma gyara bulo.

Amma inda kuɗina suka fi zurarewa wani wuri ne daban. Bayan gyaran, sai ta ɗauki wata ɗabi'a: ta yi tafiyar kilomita uku ko huɗu lafiya lau, ta fara shaƙewa, ta mutu. In na tsaya minti biyar, ta tashi kamar ba ita ba. Wani yaron gareji ya ce filogi ne, na saya. Ya ce kwayil ne, na saya. Ya ce kabireta ta gaji, na sayi sabuwa ta kwaikwayo, na bar masa tsohuwar a ƙasa ban ko waiwaya ba. Cutar tana nan.

Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo da tun yana saurayi Vespa yake gyarawa. Na zayyana masa komai, bai taɓa sufana ba. Ya ɗaga kujera, ya buɗe tanki, ya haska tocila.

“Yaro, zo ka gani.”

Ƙasan tankin ja wur da garin tsatsa. Ya ce ita ce ke taruwa a ragar makunnin mai, fetur ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan. In na tsaya kabireta ta cika, in na yi tafiya ta ƙare.

“Baba, to kwayil ɗin da na saya fa?”

“Sadaka ka yi. Mashin abu uku take nema, mai, wuta, iska. Ka fara da wanda dubawarsa kyauta ce.”

Ya nuna mini yadda ake yi. A cire filogi, a jingina shi da jikin injin, a taka kik: in ya ba da tartsatsi shuɗi, wuta lafiya. A dubi bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so, baƙi mai maiƙo mai ya yi yawa, fari fat kuwa injin na ƙuna ne, kada a ƙara tafiya. A cire tiyon mai a buɗe makunni a ga ko fetur na zuba sosai. Har ɗan hujin da ke murfin tanki in ya toshe, irin wannan mutuwar yake kawowa. Wanke tankin da ragar bai kai kuɗin filogi biyu ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma kowanne sai da ya ba ni kashi. Man giya daban yake, mai lamba SAE 30, kwata ɗin lita kacal. Da hunturu ƙura na cika matatar iska, ka riƙa wanke ta da fetur. In ka ajiye mashin ka rufe makunnin mai, in ba haka ba ka tashi ka tarar injin ya sha ya ƙoshi, sai turi. Kebul na kulochi da na giya ba sa sallama kafin su tsinke, ka ajiye na ko-ta-kwana a akwatin gaba tare da filogi da abin awon mai. Garen tayarta kuma gida biyu ne da aka ɗaure da notuna, ka sace iskar tas kafin mai faci ya kwance su.

Da Baba ya gama, ya ƙura wa sabuwar kabiretar ido ya tambaye ni ina ta asalin. Na ce na bar ta a gareji. Ya riƙe baki, ya ce ƙirar kamfanin Dell'Orto ce ta Italiya, wanki kawai take so, ta fi wannan sau goma. A ranar na koma nemanta. Yaron ya ce ai tun makon jiya wani ya saye.