Yadda muka raba wa lainbaka aiki a tsarin 4-2-5

Lokacin da nake digiri na biyu a wata ƙaramar jami'a a tsakiyar Amurka, na shiga cikin masu taimaka wa kocin tsaro na ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta makarantar. Da yankan bidiyon wasanni na fara, daga baya aka haɗa ni da lainbaka, 'yan wasan da ke tsayawa bayan ƙattan layin gaba. A shekarar ce kocin ya ce mun bar tsarin 4-3 (ƙattan gaba huɗu, lainbaka uku) mun koma 4-2-5 (ƙattan gaba huɗu, lainbaka biyu, masu tsaron baya biyar), sai a zauna a duba wa zai tsaya ina.

A tsarin 4-3 lainbaka uku ne, ana kiran gurabensu Mike da Sam da Will. Mike yana tsakiya, shi ke karɓar umarni daga koci ya jera abokansa. Sam yana ɓangaren da abokan hamayya suka fi tara ƙarfi, aikinsa kokawa da masu tare hanya. Will yana ɗaya ɓangaren, ƙattan gaba suna kare shi don ya ruga ya kayar da mai ƙwallo. Matsalarmu ita ce yawancin ƙungiyoyin da muke karawa da su sun daina cunkusuwa a tsakiya. Sukan baza masu cafe ƙwallo uku ko huɗu, sai ka ga Sam ɗinmu, ƙato mai nauyi, yana bin wani siririn yaro mai gudun tsiya a fili fetal. Tsarin 4-2-5, wanda Gary Patterson ya yi suna da shi a jami'ar TCU, yana cire Sam ya sa mai tsaron baya na biyar a gurbinsa. Kujeru uku sun koma biyu ke nan, ga kuma yara da yawa kowa na ganin shi ya cancanta.

Abu na farko da kocin ya sa na kalla shi ne zanen filin kansa. A wasan jami'o'i, layuka biyun da ake ajiye ƙwallo a kansu tazarar ƙafa 40 ce tsakaninsu, alhali a gasar ƙwararru ta NFL ƙafa 18 da rabi ce kawai. Idan aka ajiye ƙwallo a layin hagu, ɓangaren dama ya zama fili mai faɗin gaske, na hagu kuma ya zama lungu. Don haka muka daina tambayar ina ƙarfin abokan hamayya yake, muka koma tambayar ina faɗin fili yake. Wanda zai tsaya ta faɗin dole ya iya gudu da juyawa. Wanda ke lungu kuwa wuri ya matse masa, layin gefe ma yana taya shi tsaro, abin da ake so a wurinsa shi ne ƙarfin karo.

Na biyu ya fi wuya. Dokar jami'o'i ta bar ƙattan gaban masu kai hari su wuce layin da aka fara harin har yadi 3 kafin a jefa ƙwallo, a NFL kuwa yadi 1 ne. Wannan ya ba kwatabak, wato jagoran masu kai hari mai jefa ƙwallo, damar yaudara: ya cusa ƙwallo a cikin mai gudu, idonsa na kan lainbaka ɗaya. In lainbakan ya taso gaba, sai ya zare ƙwallon ya jefa ta bayansa. In ya tsaya, ya sakar wa mai gudu. Ko ta ina ka bi an shirya maka. Lainbakan da idonsa ke bin ƙwallo ya shiga uku a irin wannan wasa, komai ƙarfinsa.

Muna da wani yaro da duk wanda ya gan shi zai ce ga Mike. Faɗin ƙirji, wuya kamar na sa, in ya yi karo da mutum har 'yan kallo sai sun ji a jikinsu. A ɗakin bidiyo nakan tsayar da hoto daidai lokacin da aka fara wasa, in tambayi kowa ina ƙwallo za ta. Abin da ake koya musu shi ne su kalli ƙato biyun da ke gefen mai miƙa ƙwallo. In hular kwanonsu ta yi ƙasa suka danno gaba, gudu ne. In suka miƙe suka ja baya, jifa ne. In ɗaya ya fice ya zagaya gefe, yawanci can ƙwallo za ta. Yaron nan ya san duk wannan a baki, amma da an busa usur a fili sai idonsa ya koma kan mai gudu. Wata rana ya ce da ni, "Koci, ni dai a nuna mini mutum ɗaya in bi." Gaskiya ya faɗa, kuma ita muka yi aiki da ita. Muka mayar da shi bakin layin gaba ta ɓangaren lungu, aikinsa ya toshe gefe ya farauci kwatabak, kusan irin gurbin da Nick Saban ya riƙa kira Jack lokacin da yake kocin jami'ar Alabama. Ya yi fushi na ɗan lokaci, don a ganinsa an rage masa matsayi ne. Da ya fara kayar da kwatabak sai fushin ya wuce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mike kuwa muka ba wani da ya buga kwatabak a sakandare. Bai kai wancan nauyi ba, gudunsa ma tsaka-tsaki ne, sai dai yana kallon jerin abokan hamayya ya gane abin da suke nufi, tun da ya taɓa tsayawa a wancan ɓangaren. Ba mu muka fara ba: a 2017 jami'ar Iowa State ta mayar da kwatabak ɗinta Joel Lanning lainbakan tsakiya, har ya buga ɓangarorin biyu, hari da tsaro, a wasan da suka doke Oklahoma a shekarar. Tun 2024 an yarda manyan jami'o'i su sa wa ɗan wasa ɗaya rediyo a hular kwano, koci ya yi masa magana har agogon da ke ƙirga lokacin fara kowane hari ya rage daƙiƙa 15. Mu da alamar hannu muke aika umarni, shi ya sa muke bukatar Mike mai kai da murya fiye da mai damtse.

Gurbin Will ya faɗa wa wani tsohon mai tsaron baya da ya ƙara jiki. Bai ba mu wahala ba.

Akwai jarabar da na ga tana kama masu horarwa, ta son kowa ya iya komai. Sun ga Isaiah Simmons na Clemson, wanda ya ci kyautar Butkus ta gwarzon lainbaka a 2019 yana tsayawa kusan ko'ina a fili, sai su zana tsari kamar suna da irinsa. Ba su da shi. Ga kuma lokaci: doka ta ƙayyade sa'o'i 20 na harkokin wasa a mako a kakar wasa, atisayen bazara kuma sau 15 ne kacal. A ganina gara a ba yaro abubuwa biyu da zai yi ba tare da tunani ba, da a ɗora masa shida yana inda-inda.

Tsohon Sam ɗinmu ne ya fi cutuwa da sauyin, don yawancin wasanni a benci ya kalle su. Amma akwai ƙungiyoyi biyu a rukuninmu da har lokacin suke cunkuso da ƙatti suna tura ƙwallo ta tsakiya, kuma mai tsaron baya na biyar ba ya iya tare su. A makon karawa da su mukan fitar da shi, mu dawo da Sam, mu buga 4-3 ɗinmu na da.