Ranar da na taka tafki da ƙafata

A ƙarshen Fabrairu na bar Kaduna, lokacin da hunturu ya tattara nasa ya nasa, fanka ta koma aiki dare da rana. Daga filin jirgin Chicago na hau bas, tafiyar kusan awa 3, zuwa Madison ta jihar Wisconsin a Amurka, inda ƙanena yake karatu. Da rigar sanyi mai nauyin bargo ya tarye ni, ya ce, "Yaya, wadda ka zo da ita ajiye ta sai ka koma gida."

Tsakiyar garin a kan ɗan siririn tudu take, tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona. Jami'ar Wisconsin, wadda aka kafa a 1848, tana shimfiɗe a bakin Mendota. An daɗe ana koyar da Hausa a cikinta, abin da ya faranta mini rai ƙwarai.

Amma tafkin ne ya tsaya mini a zuciya. Washegari muka gangara ta bayan Memorial Union, ginin taruwar ɗalibai da ke bakin Mendota, na ga fili fari fat har iyakar ganina, mutane na yawo a kai. Ƙanena ya ce ai ruwa ne ya daskare. Na yi bismilla, na ɗora ƙafa ɗaya, na jira, sannan na ɗora ɗayar. Can gaba wani dattijo na zaune kan bokiti, ya huda ƙanƙarar, ramin bai fi bakin kwanon sha ba, ya zura ƙugiya. Na leƙa, sai ga ruwa baƙi ƙirin yana motsi a ƙarƙashin takalmina. Jikina ya yi sanyi, na yi ta tasbihi a raina.

Mako uku na yi. Kafin na taho dusar ƙanƙara ta fara narkewa, titi ya zama caɓi, gishirin da ake watsawa saboda santsi ya yi wa takalmana farin tabo. Gefen tafkin ya yi duhu, ya fara tsagewa, ƙanena ya hana ni sake takawa. Yawanci sai ƙarshen Maris ko farkon Afrilu yake buɗewa gaba ɗaya.

A bakin ƙanena na ji cewa tun shekarun 1850 mutanen garin ke rubuta ranar da Mendota ya daskare da ranar da ya narke, shekara bayan shekara. Da wannan lissafin ne masana suka gane cewa kwanakin ƙanƙarar sun ragu sosai. Maganar ta taɓa ni. Shekara nawa ina haye gadar Kogin Kaduna, ina jin dattawan unguwarmu na cewa damina ta sauya hali, ban taɓa rubuta ranar da ruwan farko ya sauka ba.

Da na dawo na sayi ɗan littafi mai bango ja, na ajiye shi a bakin taga. Jiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, iska ta kwashe shi. Shafin farko yana nan babu komai tukuna.