Abin da sana'ar kek ta koya mini kan zabibi da gyaɗa

Duk mai yin kek na sayarwa ta san wannan takaicin: kek ya tashi lafiya, ya yi ja, ƙamshi ya cika gida, amma da an yanka sai a tarar zabibi da dabino sun kwanta a gindi, sama kuwa fayau. Mai saye ta biya kuɗin kek mai kayan ciki, an miƙa mata gaya.

A wajen koyo, abin da ake fara faɗa mana shi ne a barbaɗa fulawa a kan kayan kafin a zuba. Yana taimakawa, domin fulawar na tsotse danshin jikinsu, ta hana su mannewa su zama curi. Sai dai a ɗebi cokali ɗaya ko biyu daga wadda aka riga aka auna, kada a ƙaro wata kek ya yi tauri. Amma aiki ya nuna mini ba nan gizo ke saƙar ba. Kaurin kwaɓi shi ke riƙe kaya. Zabibi ya fi kwaɓi nauyi, kuma da gwangwani ya ji wuta bota za ta narke, kwaɓin ya ƙara sakewa kafin ƙwai da fulawa su kama jikinsu. A ɗan tsakanin nan ne komai ke nitsewa. Idan kwaɓi ya yi ruwa tun farko, ko fulawar duniya aka shafa wa zabibi sai ya sauka. Shi ya sa nake ɗebo kwaɓin da cokali in karkata. In ya tsiyaye, bai yi ba. So nake ya ɗan noƙe tukuna, sannan ya faɗo a dunƙule.

Dabino ya fi komai neman kulawa. Busasshen nan ɗan Agadas dole a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a cire ƙwallon, a yayyanka kada ya wuce girman zabibi. Bayan nan a baza shi a kan tsumma mai tsabta har ya daina laima a hannu, don jiƙaƙƙen dabino sulɓewa yake yi ƙasa, ya bar wurin da ya zauna a caɓe. Gyaɗa ba ta da wannan rigimar: a soya sama-sama, a murje ɓawon, a farfasa ta a turmi ba tare da ta zama gari ba. Kashu ma a raba shi.

Kayan su ne na ƙarshe shiga, da cokalin katako, juyi kaɗan. Nakan fara shimfiɗa kwaɓin da ba komai a gindin gwangwani, sannan in zuba mai kayan a kai. Buga gwangwani a tebur don fitar da iska, a nan ban yarda da shi ba.

Sai wuta. Oben ya yi zafi kafin kek ya shiga: digiri 180 ga kek na yau da kullum, 150 zuwa 160 ga mai kaya da yawa, wanda ke son gashi a hankali. Masu gasawa a tukunya da yashi bisa gawayi, ku bari yashin ya ɗauki zafi sosai kafin ku ɗora gwangwani, kuma ku haƙura da buɗe murfi har sai saman kek ya kama.