Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Lambar Da Ta Cinye Min Hutu

Makon jiya na tsaya inda Baba ya fara zaunar da ni a shagonsa na kasuwar Terminus da ke Jos bayan an tashi makaranta. Wannan kafin gobarar 2002 ce da ta cinye kasuwar. Ina aji huɗu na sakandare, kaina ya kumbura, don kafin Baba ya gama danna kalkuleta na riga na faɗi kuɗin katan goma sha biyu na sabulu. 'Yan layinmu har Akanta suke kirana.

Na kwashi wannan girman kai na kai aji. Ranar da za a ba mu hutun Disamba, malaminmu na lissafi ya yago takarda ya rubuta 4,294,967,297.

"Kai mai baki, ga aikin hutu. Ka nemo min lambar da za ta raba wannan ba saura. Ban da 1, ban da ita kanta."

Na ce, "Malam, gobe ma sai in kawo."

Kalkuletar shagonmu gurbi takwas gare ta, lambar kuwa gurbi goma ce. Ta ƙi shiga. Sai na koma biro da bayan kwalin sabulu. Na san ba sai na gwada kowace lamba ba, sai waɗanda su ma ba sa rabuwa, irin su 3, 5, 7, 11, 13. Kullum bayan Isha'i ina tsugune gaban kaskon gawayi a gidanmu na Gangare, sanye da suwaita biyu. Wanda ya san hunturun Jos ya san yadda yatsu ke ƙin riƙe biro. Inna takan leƙo ta ce, "Wai kuɗin wa kake ƙirgawa haka?"

Na wuce 500, na wuce 700, kullum da saura. Da aka koma makaranta na dangwarar wa Malam da kwalayen na ce ba ta rabuwa.

Bai yi dariya ba. Ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan 641, ya sa jan biro ya kewaye wani wuri. A layi na uku na ari ɗaya na manta ban cire ba. Ya juya ga allo ya rubuta 641 sau 6,700,417, ya ce in ninka a gaban aji. Na ninka hannuna na rawa, lambar ta fito cif. Ashe na riƙe amsar a hannuna na jefar.

Sannan ya ba mu asalinta. Ka jera 2 guda 32, ka ninka su da juna, ka ƙara 1, ita ce. Wani lauya ɗan Faransa, Ferma, ya lura a 1640 cewa 'yan uwanta 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba sa rabuwa, sai ya ɗauka ita ma halin gidansu ta gado. Sai a 1732 Oila, ɗan Siwizalan, ya fasa ta. Shekara 92 ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuskuren ba ne. Malam ya ce Oila ya tabbatar duk lambar da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Cikin marasa rabuwa ke nan 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji biyar! Ni kuwa sai da na bi 115 kafin ma in iso wurin, hayaƙin gawayi na cin idona.

Da aka tashi ya tsayar da ni bakin ƙofa, ya miƙo min wata takardar. Lambar da ke cikinta gurbi 21 ce. Ya ce wani Ba'amurke ya shafe Lahadin shekara uku a kanta.

"Kada ka nuna wa babanka," in ji shi.

A aljihun wandona Baba ya tsince ta a daren. Mu haɗu mako mai zuwa.