Jibralta, inda jirgin Janar Sikorski ya faɗi

Daga garin La Línea na ƙasar Sifaniya na shiga Jibralta, yankin da ke hannun Birtaniya, da ƙafa. Ana duba fasfo, sai ka tsinci kanka a kan titin da jirage ke tashi, domin hanyar shiga gari ta ratsa tsakiyarsa. In jirgi zai sauka, a rufe shinge kowa ya jira. Da aka buɗe mana na rage sauri ina duban gabas, inda kwalta ta ƙare ruwa ya fara. Ta nan ne jirgin Janar Władysław Sikorski, firaministan gwamnatin gudun hijira ta ƙasar Foland a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tashi a daren 4 ga Yuli 1943, ya yi daƙiƙa 16 kacal a sama, ya rikito cikin teku. Mutum 16 suka rasu, ciki har da janar ɗin, matuƙin kaɗai ya tsira. Cikin mamatan akwai 'yar janar ɗin, Zofia, wadda ba a ga gawarta ba har yau.

Cikin garin bai daɗa ni da komai ba, shaguna ne da masu yawon buɗe ido. Na hau bas zuwa Europa Point, can ƙarshen kudu. Iskar wurin sai ka dafe hula. Ga duwatsun Maroko a tsallaken ruwa, ga masallacin da Sarki Fahad na Saudiyya ya gina, wanda aka buɗe a 1997. A nan na yi azahar, sannan na taka zuwa wurin tunawa da Sikorski, inda aka kafa farfelar jirgin sama, fukafukanta a lanƙwashe. Wata dattijuwa 'yar Foland ta ajiye furanni ja da fari, launin tutarsu. Na ce, "Baba, sannu." Ta gyaɗa kai, idonta na kan sunayen.

Sikorski injiniyan hanyoyi da gadoji ne ta fuskar karatu, an haife shi a 1881, lokacin da Rasha da Jamus da Ostiriya suka raba Foland tsakaninsu. A 1920 ya jagoranci Runduna ta Biyar a yaƙin da ya hana Jar Rundunar Sobiyet cin Warsaw. Da aka harbe shugaban ƙasar, Narutowicz, a Disamban 1922, shi aka miƙa wa firaminista, ya kwantar da tarzoma, ya sauka bayan wata biyar. Juyin mulkin da wani babban soja, Piłsudski, ya yi a 1926 ya sa aka jingine shi gefe, har Jamus ta afka wa ƙasar a 1939 ba a ba shi ko bataliya ba. Sai ya bi ta Romaniya ya isa Faris, ya zama firaministan gwamnatin gudun hijira, daga baya ya koma da ita Landan.

Abin da ya kawo ni wurin nan shi ne watanninsa na ƙarshe. A 1941 ya danne zuciyarsa ya ƙulla yarjejeniya da Stalin, aka saki dubban 'yan Foland daga sansanonin Sobiyet, amma hafsoshi da yawa ba a ji ɗuriyarsu ba. A Afrilun 1943 Jamusawa suka tono kaburburan dajin Katyn a Rasha, cike da gawawwakin hafsoshin Foland. Gwamnatin Sikorski ta nemi ƙungiyar Red Cross ta bincika, ko da yake ƙawayenta na Yamma sun fi son a yi shiru. Stalin ya yanke hulɗa da ita nan take. Ban ga laifin Sikorski ba ko kaɗan. Shugaban da aka karkashe sojojinsa, ta yaya zai kama bakinsa?

Yana dawowa daga duba dakarunsa a Gabas ta Tsakiya ya yada zango a Jibralta. Binciken Birtaniya ya ce na'urar sarrafa jirgin ce ta cije, amma 'yan Foland da dama ba su gamsu ba. A 2008 aka tono gawarsa a Kraków, inda aka mayar da ita daga Ingila a 1993, likitoci suka ce raunukansa na faɗuwar jirgi ne. Maganar Katyn kuwa, sai a 1990 Mosko ta amsa cewa jami'anta ne suka yi kisan, wanda ya ci rayuka kusan 22,000.