Yadda Muka Tsayar da Ribar Shinkafa a Garinmu

A ƙauyenmu da ke bakin fadamar Argungu, shinkafa ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba, sai dai kuɗinta ba sa kwana a garin. Da zarar an yi girbi, 'yan kasuwa kan shigo da motoci su kwashe shanshera a farashin da suka ga dama, domin sun san akwai bashin taki da na fetur a wuyan manomi. Bayan da aka ƙaddamar da shirin rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noma ya bunƙasa ƙwarai, amma ɗanyar shinkafa muka ci gaba da fitarwa, ribar gumi da casa kuwa tana tafiya wasu garuruwa.

Wannan ne ya sa muka kafa ƙungiya ta maza da mata, aka naɗa ni magatakarda. Zubi muke yi duk mako kamar na adashi, sai dai babu mai kwasa. Idan kaka ta yi, da kuɗin nan muke sayen shanshera daga 'yan ƙungiya a kan farashi mai mutunci, mu adana, mata kuma su riƙa ɗiba suna gumi. Sukan jiƙa ta ta kwana, su turara a rabin duro, sannan su shanya a kan tamfol maimakon gefen titi, kuma wannan sauyi kaɗai ya raba shinkafarmu da tsakuwa har ta samu masu nema a kasuwar Jega. Buntun da injin casa ya fitar shi ke komawa murhu, dusa ta tafi wurin masu kiwo, samari kuma su ci kuɗin dako da ɗinkin buhu.

Abin da ya fi riƙe mu shi ne lissafi a bainar jama'a. Kowane ƙarshen wata nakan karanta littafin shiga da fita a zauren mai unguwa bayan la'asar, kuma akwai wata dattijuwa, wakiliyar mata, da takan ce mini: "Ɗan nan, karanta har kuɗin zare da basilla." Na fahimci cewa mai zuba naira ɗari biyu ya fi kowa son jin inda kuɗinsa suka shiga, kuma yana da gaskiya. Ba ma ba da bashi da ruwa, ba ma kuma taɓa jari don biki ko suna, duk da cewa wannan dokar ta ɓata wa wasu rai.

Da ambaliyar 2020 ta cinye gonakin Kebbi, daga ajiyar ƙungiya muka raba irin noman rani, aka biya da shinkafa bayan girbi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ban ruwa ya yi tsada, shi ya sa yanzu muke ware wani kaso na riba domin sayen famfo mai aiki da hasken rana, wanda za a riƙa ba 'yan ƙungiya haya bi da bi.