Tattakin Asabar da dara a ƙungiyar dattawanmu

Wanda ya shekara 35 yana sammakon fita aiki, in aka miƙa masa takardar ritaya, bai san inda zai sa kansa ba bayan sallar asuba. Haka na zauna a Tudun Wadar Zariya. Yara sun watse, wasu Kaduna, wasu Abuja. Abokan aiki kuwa sai a wajen jana'iza ko layin tantance 'yan fansho muke gaisawa.

Wani maƙwabcina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Sabon Gari, shi ya yi ta jan hankalina zuwa ƙungiyar dattawan unguwarmu. Na ɗan ja da baya, don a garin nan ana ganin dattijo wurinsa masallaci da zaure, wasa na yara ne. Uwargida ce ta ce, "Malam, ka je mana, wannan zaman ba ya yi maka kyau."

Ranar Asabar da hantsi bai ɗaga ba muke tattaki, mu shiga ta Ƙofar Doka har Babban Dodo mu juyo. Mai ciwon gwiwa ba a matsa masa. Akwai wani da ya yi aikin jinya a asibitin Shika, shi ke auna mana jini in mun dawo, kuma ba ya ɗaga ƙafa ga wanda ya bar shan magani.

Amma ni dara ce ta riƙe ni. Rabona da ita tun ina samari. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12. Lokacin dasawa ba a yarda ka jera uku ba, sai an fara tafiya, kana matsawa gurbi ɗaya ɗaya. Ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka, huɗu kuwa ba ci. Akwai wani Alhaji da ya haura tamanin, hannunsa na rawa, amma in ya ɗana maka tarko ba ka ankara sai 'yan kallo sun ɗauki "dara ta ci gida!"

Muna tara ɗan kuɗi duk wata, na shayi da na dubiya. Duk wanda ba a gani ba, ana tashi a je gidansa a ji ko lafiya.

Abin da ke damuna yanzu matanmu ne. Su ma sun tsufa, su ma gida ya yi musu faɗi, kuma fitarsu biki ce ko gaisuwar mutuwa. Na kawo maganar a zamanmu, wani ya ce zauren Islamiyyar unguwa babu kowa ranar Alhamis da safe. Mun shirya zuwa wurin mai unguwa a kan haka.